Kafin Ka Yi Wa ESC Filashin, Karanta Abin Da Ke Cikinsa

Tambayoyin wannan makon daga masu haɗa ƙananan kurman jirage ne, irin masu farfela huɗu da ake wasan tsere da su ko ɗaukar hoto. Duk a kan abu ɗaya suka taru, wato ESC, allon nan da ke karɓar wuta daga batir yana raba wa moto gwargwadon umarnin allon tuƙi.

Tambaya: Malam, jirgina mai farfela inci 5 ne, ESC ɗinsa BLHeli_S. Yana tashi lafiya, amma hoton na rawa, motocin kuma na ɗaukar zafi. Abokaina sun ce in yi masa filashin, wato in sauya manhajar da ke cikinsa, da Bluejay, wani ya ce in sayi sabo kawai. Wanne ya fi? (Daga Kaduna)

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Wannan na daga cikin wurare kaɗan da nake cewa filashin ya cancanci wahalarsa, ga shi kuma kyauta.

BLHeli_S, manhajar da ke cikin ESC ɗinka, ta fito a 2016, kuma sigar da aka fi samu a kan allunan kasuwa ita ce 16.7. Tana karɓar umarni, amma ba ta mayar da jawabi. Allon tuƙi ya ce wa moto juya, shi ke nan, bai san ko sau nawa ya juya ba. Bluejay, wadda Mathias Rasmussen ya fara rubutawa, tana hawa kan aisi ɗin, wato ƙwaƙwalwar allon, da BLHeli_S ke kai, sai ta ƙara masa baki: ta wayar da umarni ya zo, ta nan ESC zai sanar da allon tuƙi gudun kowane moto. Ana kiran wannan DShot mai kai da komowa. Tun 2019, Betaflight, manhajar allon tuƙi, na amfani da wannan labari wajen tace jijjigar da moto ke haifarwa daidai inda take, ba a yi ta lalube ba. Jijjigar da ba a tace ba ita ke komawa moto ta zama zafi, ita ce kuma kake gani a hoto.

Sai dai ka fara da abin da ido ke gani. Farfelar da ta lanƙwashe, ko moton da ƙurar hunturu ta cika, ko noti da ya saki, babu manhajar da za ta gyara su. Juya kowane moto da yatsa, in ka ji ƙaras-ƙaras kamar yashi a cikin tuwo, matsalarka ba ta filashin ba ce.

In komai lafiya, ga yadda nake yi. Cire farfela duka huɗu. Na ce duka. Akwai tabo a bayan babban yatsana na hagu da na samu ranar da na ce ai minti ɗaya ne kawai. Rufe manhajar Betaflight a kwamfuta domin ba sa raba ƙofa ɗaya, ka buɗe ESC Configurator a burauzar Chrome ko Edge. Jona kebul na USB a allon tuƙi, sannan ka jona batir, don wutar USB ba ta tada ESC. Ba ka buƙatar kwance komai, allon tuƙin ne zai zama ɗan aike.

Danna karantawa tukuna, kada ka yi gaggawar rubutawa. Za ka ga wani suna kamar G-H-30, ka ɗauke shi hoto da wayarka. Harafin farko yana nuna yadda aka jera ƙafafun aisi a kan allon. Na biyu irin aisi ne: L mai gudun 24MHz, H mai 48MHz. Lambar ƙarshe kuwa ɗan jinkirin da ake bari ne tsakanin kashe makunni ɗaya da kunna abokinsa. In ka zaɓi lamba ƙasa da wadda maƙera suka sa, makunnan biyu za su iya buɗewa tare, wutar batir ta zarce kai tsaye. Ƙauri za ka fara ji kafin ka ga hayaƙin. Manhajar kan zaɓo maka sunan da kanta, ka bar shi yadda ta gano shi, ko da wani ya rantse maka cewa wata lambar ta fi ƙarfi.

Za ta tambaye ka 24, 48 ko 96kHz. Ga mai inci 5, 24 ko 48. Masu ƙananan jirage na cikin ɗaki su suka fi morar 48 da 96, domin batir na ɗan ƙara jimawa, amma birkin moto na raguwa. Bayan an gama, koma Betaflight ka kunna DShot mai kai da komowa, ka rubuta adadin maganaɗisun da ke cikin murfin moto. Yawancin motocin inci 5 suna da 14, ƙananan kuma 12. Ƙirga naka da ido, ba ya ɗaukar minti ɗaya. Ka kuma sani Bluejay DShot kaɗai take ji, tsohon allon tuƙi mai PWM ko Oneshot ba zai yi magana da ita ba.

Tambaya: Wani mai kaya ya yi mini tayin ESC mai BLHeli_32 da rangwame, ga kuma wani mai AM32 da ya ɗan fi shi tsada. Na ji ana cewa BLHeli_32 ta mutu. Gaskiya ne? (Daga Zariya)

Amsa: Ta mutu, amma ba irin mutuwar da kake zato ba. BLHeli asalinta aikin Steffen Skaug ne ɗan ƙasar Norway, kuma BLHeli_32 da ta zo a 2017 rufaffiya ce, masu ƙera ESC na biyan lasisi kafin su sa ta. A watan Yuni 2024 kamfanin BLHeli ya daina aiki. Allon da ke hannun mutane bai san an yi ba, yana tashi kamar jiya, ana kuma iya sauya saitinsa. Abin da ya ƙare shi ne sabuwar siga da gyaran kurakurai. Tun daga siga 32.7 tana da DShot mai kai da komowa, saboda haka tambayi mai kayan wace siga ce a kai, ya nuna maka a allon kwamfuta, ba da baki ba.

Ni dai da kuɗina AM32 zan saya. Buɗaɗɗiya ce, kowa na iya ganin yadda aka rubuta ta, ana kuma ci gaba da gyara ta, masu ƙera kaya da yawa sun koma kanta. In rangwamen mai kauri ne kuma jirgin na koyo ne da za a yi ta bugawa da ƙasa, BLHeli_32 ba laifi. Amma kada ka saya da niyyar mayar da shi AM32 daga baya kana zaton danna maɓalli ne. Sai ka nemi ST-Link, 'yar na'urar rubuta manhaja a aisi, ka liƙa siraran wayoyi da dalma a wasu ɗigo-ɗigo da ba su kai ƙwayar gero ba, aisi huɗu ɗaya bayan ɗaya, sannan a samu fayil ɗin da ya dace da allonka. Da ka goge BLHeli_32 kuma ta tafi ke nan, babu komowa.

Tambaya: Ina cikin filashin aka ɗauke wuta, kwamfutar ta mutu. Yanzu moto uku na kiɗan tashi, na huɗu shiru. Na ƙone shi ne? (Daga Maraɗi)

Amsa: Da wuya, ƙanena. In ba ka ji ƙauri ba, manhajar ce ta tsaya a rabi. Akwai ɗan ɓangaren da ke karɓar filashin, shi ba a cika taɓa shi ba, don haka sake jonawa ka danna karantawa. In na huɗun ya bayyana ba suna, zaɓa masa da hannu sunan da 'yan'uwansa uku ke ɗauke da shi, muddin allo ɗaya suke. In bai bayyana sam ba, saura hanyar C2: ɗigo biyu a jikin allon, da Arduino Nano, da manhajar BLHeliSuite. Mai gyaran waya da hannunsa ba ya rawa zai liƙa maka wayoyin. Gobe kuma ka yi da laftof mai caji, ka sa makarin wuta tsakanin batir da jirgi a jonawar farko. Kwan fitilar mota da aka jona a layin wutar ma yana yin aikin: in akwai inda wuta ke zarcewa kai tsaye, kwan zai haska, allon ya tsira.

Tambaya: Na canza moto ɗaya, yana juyawa baibai. Sai na yi filashin?

Amsa: A'a. Sauya alkiblarsa a cikin saiti, ko ka musanya kowace biyu daga cikin wayoyinsa uku. Ka gwada ba farfela.