Karatu a Beljiyam: shekara biyar ta isa a samu fasfo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu gurbin digiri na biyu a jami'ar Gent, karatun shekara biyu da Turanci. Wani abokina ya ce duk wanda ya yi shekara biyar a Beljiyam ana ba shi fasfon ƙasar. Gaskiya ne? Kuma shekarun karatu suna shiga lissafi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a karatun. Abokinka ya faɗi rabin magana ne, kuma rabin da ya bari shi ne yake tsayar da yawancin ɗalibai.

Tun gyaran dokar da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2013, hanyar da akasarin baƙi suke bi ita ce miƙa buƙatar zama ɗan ƙasa a ofishin ƙaramar hukumar da suke zaune, wadda ake kira commune da Faransanci, gemeente da Holanci. Ana neman shekara biyar na halattaccen zama ba yankewa, da jin ɗaya daga harsunan ƙasar uku, da shaidar sajewa da jama'a, da shaidar aiki: kwana 468 cikin shekara biyar ɗin ga ma'aikaci, ko biyan kuɗin inshorar jin daɗin jama'a na wata 18 ga mai sana'ar kansa. Sai kuma sharaɗin da ba a cika faɗa ba: ranar da za ka miƙa takardunka, dole katin zaman da ke hannunka ya zama marar wa'adi.

Nan ne matsalar ɗalibi take. Da bizar D, wato ta dogon zama, za ka shiga, ka yi rajista a ƙaramar hukuma cikin kwana 8 na aiki, ɗan sandan unguwa ya zo ya tabbatar a adireshin kake kwana, sannan a ba ka katin A. Katin A na wa'adi ne. Shekarun da ka yi da shi suna shiga lissafin biyar ɗin, amma ba a karɓar buƙatar zama ɗan ƙasa daga mai riƙe da shi. Mutum zai iya yin shekara bakwai yana karatu, digiri bayan digiri, ƙofar ba ta buɗe masa ba.

Hanyar sauya katin ita ce aiki. Tun 2021 ana ba wanda ya kammala karatu wata 12 ya nemi aiki ko ya kafa sana'a. Idan ka samu, mai ɗaukar ka ne zai nema maka izinin da ya haɗa aiki da zama, a wurin gwamnatin yankin da aikin yake, Flanders ko Wallonia ko Brussels, kuma kowane yanki da nasa ƙa'idar albashi. Shekara biyar a kan wannan izini tana kai mutum ga katin B, na zama marar wa'adi. Akwai kuma katin L na daɗaɗɗen mazauni, shi ma na zama marar wa'adi, wanda ake nema bayan shekara biyar idan akwai tsayayyen kuɗin shiga da inshorar lafiya, sai dai shi rabi yake ƙirga shekarun karatu. Ka lissafa: shekara biyu na karatu sun zama ɗaya, ka ƙara huɗu na aiki, sun cika biyar. Wato a ƙarshen shekara ta shida za ka nemi katin L, bayan ya fito ka nemi zama ɗan ƙasa. Don haka mu shekara shida zuwa bakwai muke gaya wa ɗalibi ya sa a ransa, idan komai ya tafi daidai.

Harshe kuwa ka fara da shi tun makon farko. Turanci ba ya cikin lissafi, ko da kowa a Gent zai amsa maka da shi. Holanci ne ko Faransanci ko Jamusanci, a matakin A2, wato iya harshe na hulɗar yau da kullum mai sauƙi, kuma digirin da aka yi da Turanci ba ya zama shaidar harshe. Kwas ɗin sajewa da ake kira inburgering a Flanders, ko horon sana'a na awa 400, suna cikin abubuwan da ake karɓa. Gwamnatin Firaminista Bart De Wever ta rubuta a yarjejeniyarta ta 2025 cewa za ta ɗaga matakin zuwa B1, na gaba da A2, tare da jarrabawar zama ɗan ƙasa, saboda haka mai shiga yanzu B1 ya kamata ya nufa.  Kuɗin rajista ma an ɗaga shi daga Yuro 150 zuwa Yuro 1,000 a Yulin 2025, kuma ba a mayarwa idan an ƙi buƙatar.

Abin da ya fi ɓata wa mutane lissafi shi ne yankewar zama. Ba a yarda ka bar ƙasar fiye da wata shida a jere ba, jimillar fitarka kuma kada ta wuce shekara ɗaya cikin biyar ɗin. Mafi haɗari shi ne ka tashi daga ɗaki ba ka sanar da sabon adireshi ba. Ɗan sanda ya zo bai same ka ba, sai a goge sunanka daga rajista, kuma wannan giɓi yana iya mayar da ƙirgen farko. Haka ma barin kati ya ƙare kafin a nemi sabuntawa.

Takardar haihuwa tun kana gida za ka gyara ta. A nemi ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a buga mata hatimin Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan na ofishin jakadancin Beljiyam, a can kuma rantsattsen mai fassara ya mayar da ita harshen ƙaramar hukumar. Ka duba rubutun sunanka harafi-harafi. Idan fasfo ya ce Mohammed, takardar haihuwa ta ce Muhammad, ko an sa sunan garinku a ɗaya an bar shi a ɗaya, ana dakatar da buƙatar har sai an daidaita su, kuma gyaran yana cin watanni.

Da takardu sun cika, fayil ɗin yana zuwa wurin mai gabatar da ƙara na gwamnati, wanda yake da wata huɗu ya ba da ra'ayi, bayan ya ji ta bakin hukumar baƙi da ta tsaron ƙasa. Hukuncin kotu a kan babban laifi, auren bogi ko takardun jabu suna jawo ƙi. Idan ya ƙi, kwana 15 kawai gare ka ka aika wasiƙar rajista kana neman a kai maganar kotun iyali.

Ba sai ka ajiye koren fasfonka ba. Beljiyam ta yarda da riƙe ƙasa biyu, tsarin mulkin Najeriya na 1999 ma ya yarda ga ɗan ƙasa ta haihuwa. 'Ya'yanka da ba su kai 18 ba, muddin a Beljiyam suke zaune ƙarƙashin kulawarka, suna zama 'yan ƙasa tare da kai. Matarka kuwa sai ta cika nata sharuɗɗan ta nema da kanta.