Me ya sa ba kowane mai kansar hanta ake yi wa gashi ba?

Tambaya: Malam likita, ni ɗalibin kimiyya ne daga Daura. An gano mahaifina yana da kansar hanta, amma likita ya ce gashi ba zai yi masa amfani sosai ba, alhali maƙwabciyarmu mai kansar mama an yi mata gashi a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya kuma ta samu sauƙi. Mene ne bambancin?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alherin kula da shi.

Gashi haske ne mai ƙarfin gaske da ake aunawa a kan ƙarin kansar domin ya lalata DNA, wato kundin umarnin da ke cikin kowace ƙwayar halitta. DNA tamkar igiya ce mai tufka biyu. Idan tufka ɗaya ta tsinke, ƙwayar tana duba ɗayar ta gyara ɓarnar nan da nan, amma idan duka biyun suka tsinke a wuri guda, to nan ne take fuskantar mutuwa, kuma irin wannan tsinkewar ce likitan gashi yake nema. Ma'aunin gashi sunansa gire, kuma gire 1 yana haddasa tsinkewar tufka ɗaya kusan 1,000 a ƙwaya guda, amma tsinkewar tufka biyu ba ta wuce kamar 40 ba.

Ƙwayar ba ta zama haka nan ta mutu. Wani furotin mai suna ATM yana gano ɓarnar ya dakatar da rabuwar ƙwayar, sannan a bi ɗayan hanyoyi biyu: ko dai furotin masu suna Ku70 da Ku80 tare da DNA-PK su kama bakin tsinkakkun su haɗe su da gaggawa ko da an samu kuskure, ko kuma wasu furotin masu suna BRCA1 da BRCA2 da RAD51 su kwafo daga kwafin da bai lalace ba, a gyara daidai. Ƙarin hanta da yawa yana da ƙarfin wannan gyara. Haka kuma furotin p53, wanda aikinsa shi ne umartar ƙwayar da ta lalace ta kashe kanta, yakan samu matsala a kansar hanta ta yankinmu, musamman saboda gubar aflatoksin da fumfuna ke samarwa a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi. Tsakiyar babban ƙari kuma ba ta samun isasshen iskar oksijin, kuma ƙwayar da ke cikin wannan hali tana iya buƙatar gashi ninki biyu zuwa uku kafin ta mutu.

Sai dai a ganina babban cikas shi ne ragowar hantar. Idan aka gasa hanta gaba ɗayanta, ba ta jure fiye da gire 30 ko makamancin haka, wanda bai isa ya kashe ƙarin ba, kuma yawancin majinyatanmu ciwon hanta nau'in B ya riga ya ƙeƙasar da hantarsu shekaru kafin kansar ta bayyana. Ita maƙwabciyarku ana iya gasa mata mama da ƙarfi ba tare da gashi mai yawa ya kai ga wata gaɓar da rai ya dogara a kanta ba.

Duk da haka ba a rufe ƙofa ba. Akwai gashin da ake saita shi daidai kan ƙarin a zama 3 zuwa 5, akwai kuma ƙananan ƙwayoyi kamar na yashi masu ɗauke da itiriyam-90, wato sinadari mai fitar da hasken gashi, da ake turawa ta jijiyar hanta. Magungunan da ke toshe hanyoyin gyaran DNA, irin su olaparib da ake bayarwa a wasu nau'ukan kansar mama, har yanzu gwaji ake yi da su a kansar hanta, don haka kada ku saya da kanku.

Ku koma wurin likitan Baba ku tambaye shi girman ƙarin da yawansa, da ƙarfin ragowar hantar, da ko akwai ruwa a ciki ko ciwon shawara, domin a kan waɗannan ake yanke hukunci. Kai da ’yan'uwanka da iyayenku mata kuma ku je a gwada ku ciwon hanta nau'in B, wanda ba ya ɗauke da shi a yi masa allurar rigakafi.