Mai fassara da fargabar da ba ta ƙarewa

Tambaya: Likita, ni mai fassara ne a Yamai, ina mayar da takardun ƙungiyoyin agaji daga Faransanci zuwa Hausa. Wata takwas ke nan, da zarar saƙon aiki ya shigo waya sai gabana ya faɗi, barci kuma ya ƙaurace mini. Shafi guda sai na karanta shi sau goma kafin in aika. Wani abokina ya ba ni diyazefam, maganin kwantar da hankali. In ci gaba da sha?

Amsa: Malam, Allah ya ba ka lafiya. Damuwar da ta addabi mutum yawancin kwanaki har ta kai wata shida, tana hana barci, tana taɓa aiki, ta wuce gajiya. Ta yi kama da ciwon fargaba, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 301 ke fama da shi a shekarar 2019. Sai dai tabbatarwa sai an duba ka, domin yawan aikin halittar maƙoshi da ke haddasa maƙoƙo yana kawo bugun zuciya irin wannan, haka ma shayi mai ƙarfi da goro idan sun yi yawa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne karatun nan sau goma. Duk lokacin da ka koma kan jimlar da ka riga ka gyara, hankalinka yana kwanciya na ɗan lokaci, amma ƙwaƙwalwa tana koyon cewa ba don komawar ba da an yi abin kunya, don haka gobe sai ta nemi sau goma sha ɗaya. Jinyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, wannan igiyar take tsinkewa. Masani zai sa ka rubuta abin da kake tsoro, misali a ce kalma ɗaya za ta raba ka da aiki, ku auna shi da abin da ya taɓa faruwa a zahiri, sannan ka karanta sau biyu, ka aika, ka daure wa faɗuwar gaban har ta lafa da kanta. Makonnin farko akwai wuya, ban ɓoye maka ba.

Diyazefam kuwa yana kwantar da jiki nan take, amma jiki yana sabawa da shi, yana kuma dushe tunani, wanda shi ne jarin mai fassara. Idan ka yi makonni kana sha kullum, kada ka yanke shi rana ɗaya, domin hakan yana iya jawo farfaɗiya. Likita ne zai rage maka sannu a hankali. Idan ana bukatar magani, irin su satiralin aka fi farawa da su, kuma sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsu.

Ka je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Ƙasa da ke Yamai, ka tafi da kwalin maganin, ka kuma faɗa musu kofi nawa na shayi kake sha a daren aiki.