Tambaya da Amsa: Na Isa Neman Aikin Gwajin Manhaja?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na yi karatun kwamfuta nan Damagaram, ina zaune a Zengou. Na ga tallar wani kamfani a Yamai yana neman mai gwada manhaja kafin a sake ta ga jama'a. Ban ƙware a rubuta manhaja ba, kuma ba ni da takardar ISTQB, wato takardar shaidar ƙwarewa ta masu gwada manhaja. Ta yaya zan san ko na shirya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye zancen takarda tukuna, ɗauko salularka.

Buɗe manhajar da kake aika kuɗi da ita, ko wadda kake cike sunanka a ciki. Lambar waya a Nijar alƙaluma 8 ce. Saka 7, saka 9, bar wurin fanko, ka ga me za ta ce. A wurin suna rubuta Ɗanladi da ɗ mai lanƙwasa, ka gwada ƙ da ɓ da ƴ. Sau da yawa waɗanda suka gina manhajar ba su taɓa tunanin haruffanmu ba, sai ka ga suna ya koma alamar tambaya. In an ce iyakar abin da za a aika jaka 100 ne, gwada daidai iyakar, da ƙasa da ita da dala ɗaya, da sama da ita da dala ɗaya. A bakin iyaka kuskure ya fi son ɓuya. Rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse ran 4 ga Yuni 1996, kusan daƙiƙa 40 da tashinta, don an cusa wata lamba a ma'ajin da ya yi mata kaɗan.

Gano kuskuren ba shi ne mai wuya ba, rubuta shi ne. Ni da nake ba ka amsa, rahotona na farko a wani kamfani layi ɗaya ne: "Aika kuɗi ba ya tafiya daidai." Mai gina manhajar ya mayar mini da shi, ya ce a wurinsa lafiya lau take. Kwana biyu na yi ina bin sawu kafin na gane cewa sai rezo ya yanke, mutum ya ƙosa ya danna maɓallin sau biyu, sannan kuɗin ke fita sau biyu. Na tuna matan kasuwar Dole da ke aika wa ƴaƴansu jaka biyar ta makaranta, a cire musu goma. Na sake rubutawa: irin salular, sigar manhajar, abin da na danna ɗaya bayan ɗaya, abin da ya kamata ya faru, abin da ya faru, da hoton fuskar wayar. A ranar aka gyara.

To ga ma'auninka. Rubuta rahoto uku irin wannan, ka miƙa wa abokinka ba tare da ka buɗe baki ba. In ya bi rubutunka ya ga kuskuren da idonsa, ka shirya. In sai ya juyo ya tambaye ka, da saura.

Rashin ƙwarewa a rubuta manhaja ba zai hana ka farawa da gwajin hannu ba. Amma koyi ɗan SQL, yaren tambayar bayanai, don ka iya leƙa rumbun bayanai, ka saba da Jira inda ake shigar da rahoto, da Postman da ake gwada yadda manhajoji ke musayar bayanai da shi. Selenium, wanda ke sa kwamfuta ta yi gwajin da kanta, ya jira gaba.

Jarrabawar ISTQB ta matakin farko tambaya 40 ce, ana cin ta da 26, kuma ana iya yin ta da Faransanci. Tana da amfani, musamman wajen kamfanonin waje, sai dai tana cin kuɗi. Takardar tsarin karatunta kyauta ce a intanet, sauke ta ka fara karantawa yanzu. Ka aika takardar neman aikin a wannan makon, ka haɗa da rahotannin nan uku.