Kwana uku a ofis, biyu a gida: ina zumuncin ya tafi?

Tambaya: Ni ce shugabar wani ƙaramin ofishi a Birnin Kebbi, mu goma sha ɗaya ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 muka koma kwana uku a ofis, biyu a gida. Aiki na tafiya, amma mun zama kamar baƙin juna. Ko mu koma yadda muke a da?

Amsa: Hajiya, kada ku yi gaggawar komawa. Binciken da Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford ya yi kan ma'aikata 1,612 na kamfanin Trip.com a ƙasar Sin, wanda ya fito a 2024, ya nuna kwana biyu a gida bai rage ingancin aiki ba, masu ajiye aiki ma sun ragu da kashi ɗaya cikin uku. Amma abin da kike ji gaskiya ne. Binciken da aka yi kan ma'aikatan Microsoft sama da 60,000 ya gano cewa da suka koma gida, kowa ya manne wa 'yan sashensa, hulɗa da sauran ta yi rauni.

A wajenmu asarar ta fi ciwo, domin ba a taron ofis ake ƙulla zumunci ba. Ana ƙulla shi ne a gaisuwar safe, da sahun Azahar, da kwanon shinkafar da ake sa hannu tare. Nan ake jin wa ya yi haihuwa, wa ke jinyar mahaifiya, wa ya kamata a je wa ta'aziyya a Jega. Saƙon WhatsApp ba ya ɗaukar wannan, kuma gajeren saƙo daga shugaba, babu sallama, sai ƙarami ya ɗauka faɗa ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin kowa ya zaɓi ranakunsa. Sai mutum ya ƙona mai ya zo, ya tarar da kujeru. Ki tsayar da kwana biyu, misali Litinin da Laraba, da kowa zai hallara, na ukun a bar wa sashe. Ranakun nan na shawara ne da koyarwa. Rubuta rahoto a kai shi gida.

Sabon ma'aikaci kuwa ya riƙa zuwa kullum na wata uku, a haɗa shi da wani babba. Kunya ba za ta bar shi ya bugo wa na gaba da shi waya kan ƙaramar tambaya ba.

A taron intanet, ki kira ƙanana da suna su fara magana kafin manya. Duk abin da aka yanke a rubuta shi ranar, saboda wanda wuta ta ɗauke masa ko data ta ƙare. Ki kuma duba matan aure: a gida, baƙi da yara sukan ɗauka hutu suke yi. Ki auna su da aikin da suka kammala, kuma bayan ƙarfe biyar kada a tura saƙon aiki sai na gaggawa.