Tambaya da Amsa: Darajar Hotunan Surimono na Japan

Tambaya: Na ga wani ƙaramin hoton bugu na Japan a gwanjon intanet. Babu mutum a cikinsa, sai butar shayi da reshen fure da rubutun waƙa a sama. Mai sayarwa ya ce surimono ne. Yana da daraja kuwa?

Amsa: Malam, siffar da ka kawo ta dace da surimono, kuma idan na asali ne, abin nema ne ga masu tara hotuna. Ba don kasuwa aka yi su ba. Ƙungiyoyin mawaƙan kyoka, wato gajerun waƙoƙin barkwanci na Japan, ne ke biyan mai zane da mai sassaƙa katakon da ake buga hoton da shi da mai bugu, su raba wa junansu a sabuwar shekara, musamman tsakanin 1810 da 1830. Da yake kaɗan ake bugawa, kuma masu hali ne ke biya, ba a yi ƙyashin kayan aiki ba: takarda mai kauri da ake kira hosho, da garin ƙarfe mai ƙyallin zinariya da azurfa, da bugu marar tawada wanda ke tayar da ganyen fure har yatsa ya ji tudunsa. Kubo Shunman da Ryuryukyo Shinsai da Totoya Hokkei, almajirin shahararren mai zane Hokusai, suna cikin gwanayen zana irin waɗannan kayan gida. Girman yawancinsu kusan santimita 21 ne da 18.

Inda gizo ke saƙar shi ne, a shekarun 1890 an sake sassaƙa katakai aka kwaikwayi surimono masu yawa domin masu saye daga Turai da Amurka. Waɗannan ma sun haura shekara ɗari, don haka tsufar takarda ba hujja ba ce. A ganina suna da kyau ƙwarai, amma farashinsu bai kama ƙafar na asali ba.

Kafin ka biya ko sisi, ka nemi hoton bayan takardar, da wani da aka ɗauka haske na zuwa daga gefe, domin tudun bugun ya fito. Sannan ka gwada shi layi da layi, har da rubutun waƙar, da kwafin da ke gidajen adana kayan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam ko Chester Beatty a Dublin, in akwai. Ka duba ko an datse gefensa ko an manna shi a kwali, ka kuma lura da shuɗi da shunayya, domin galibi rinin tsirrai ne kuma su ne ke fara koɗewa idan hoto ya daɗe a rana.