Shin loda sabuntawar manhaja da hannu ya fi aminci?

Tambaya: Malam, muna da manhajar biyan kuɗin makaranta, ni nake loda duk sabuntawa zuwa sabar (kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta) da manhajar tura fayiloli ta FileZilla cikin dare. Na ce mu koma GitHub Actions, tsarin da ke loda sabuntawa da kansa, Oga ya ƙi, wai inji zai tura wa jama'a kuskure ba wanda ya gani. Tun daga nan gabana ke faɗuwa. Yana da gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ya kamata ya faɗar maka da gaba shi ne wannan lodin daren.

Maganar Oga ita nake ji kullum, kuma ta ishe ni. Wai hannu ya fi, saboda akwai ido a kai. Wane ido? Na mutumin da barci ke ɗiba yana jan fayiloli, sabis ya yanke, rabi sun hau rabi ba su hau ba, gari ya waye babu mai iya rantsewa a kan wane kod ke aiki a sabar? Kamfanin hada-hadar hannun jari na Amurka, Knight Capital, da hannu ya saka sabon kod a sabobinsa takwas, ma'aikaci ya tsallake ɗaya. Ran 1 ga Agustan 2012 tsohon kod ɗin da ke kwance a cikinta ya shiga saye da sayarwa, cikin minti 45 sama da dala miliyan 400 ta salwanta. Ƙwararru ne fa. Kuma ka lura, masu kare wannan al'ada sau da yawa su ne 'yan "in ba ni ba ba wanda ya iya", masu riƙe kalmar sirrin sabar a kansu. Ranar da suka kwanta ciwo, aiki ya tsaya cak.

Damuwar Oga tana da magani mai sauƙi: sa matakin amincewa. Inji ya gudanar da gwaje-gwaje, ya saka a sabar gwaji, sannan ya jira Oga ya danna. Kada ku saki ga kowa lokaci guda, domin abin da kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya yi ke nan a Yulin 2024, kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 suka durƙushe. Ku fara da makaranta ɗaya. Ku gwada komawa tsohon siga tun kafin buƙatar ta taso, musamman in sabuntawar ta taɓa rumbun bayanai, don shi ba ya komawa da danna maɓalli ɗaya.